Tafiyar Kwanaki a Ƙafa Zuwa Tafkunan Kan Tsauni: Tambayoyi da Amsoshi ga Iyalai da Masu Yawon Buɗe Ido

Kwana nawa ya kamata tafiyar farko ta ɗauka?

Idan da yara a cikin ayarin, kwana biyu zuwa uku ya isa, wato barci biyu a waje. A daren farko ake gane abin da aka manta, a na biyu kuma ake gane ko jiki ya karɓi tafiyar. Manya masu ƙarfi da suka saba doguwar tafiya za su iya fara da kwana huɗu ko biyar. Ko nawa kuka tsara, ku ƙara kwana guda na ko-ta-kwana, da guzurinsa, saboda ruwan sama ko rashin lafiyar wani na iya tsare ku a zango ɗaya.

Yaya ake zaɓen hanya?

Yawancin mutane tsawon hanya suke fara tambaya. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tsayin wurin da za a kwana kowane dare, sai yawan hawan da ke cikin kowane yini, sai kuma inda za a iya sauka cikin gaggawa idan abu ya ɓaci. A kan mafi rauni a cikin ayari ake auna duka ukun, ba a kan wanda ya fi kowa zumuɗi ba.

Hanyoyin da suka yi suna sun bambanta ƙwarai. Tafkuna Bakwai na Rila a Bulgeriya suna tsakanin mita 2,100 da 2,500, akwai ɗakunan kwana a kusa, har ma da kujerun lilo masu kai mutane sama, don haka sun dace da masu ƙananan yara. Kwarin Tafkunan Triglav a Sulobeniya ma yana da ɗakunan kwana, sai dai ba a yarda a kafa tanti a cikin gandun dajin da kwarin yake ciki ba, dole a kama gado a ɗakin kwana tun da wuri. Tafkin Ala-Kul a Kirgizistan yana wajen mita 3,500, kuma sai an haye mashigar tsauni mai kusan mita 3,900 mai tsakuwa da santsi kafin a gangara kwarin Altyn Arashan. Tafiyar kwana uku ce daga garin Karakol, amma ba ta yara ƙanana ba ce. Hanyar Manyan Tafkunan Kashmir a Indiya, daga kusa da Sonamarg zuwa Naranag, tana kai kilomita 70 a cikin mako guda, ta bi ta tafkunan Vishansar, Gadsar da Gangabal, kuma mashigar Gadsar tana wajen mita 4,200. Hukumomi kan rufe hanyoyin yankin saboda tsaro, saboda haka a bincika kafin a biya kuɗin komai. Tafkunan Gokyo a Nefal sun haura mita 4,700, ana buƙatar fiye da kwana goma. Tafkin Bujuku a tsaunukan Rwenzori na Yuganda yana kusa da mita 4,000, can kuma taɓo ne ke cin ƙarfin matafiyi fiye da hawan.

Wane lokaci ne ya fi dacewa?

Kowane tsauni da nasa. A Turai da Asiya ta Tsakiya da Kashmir, daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba ne. A Nefal kuwa waɗannan watannin damina ce, ana zuwa ne a Afrilu da Mayu ko Oktoba da Nuwamba. Farkon lokaci furanni sun fi yawa, amma dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a mashigai ba, rafuka kuma sun cika. Ƙarshen lokaci sararin sama ya fi washewa, dare ya fi sanyi, yini ya gajarta.

Kilomita nawa ake yi a yini?

Akwai tsohon lissafi da wani mai hawan dutse ɗan Sukotland, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Zangon kilomita 10 mai hawan mita 600 ke nan awa uku ne. To amma wannan lissafin babban mutum ne lafiyayye, marar kaya, wanda bai tsaya ko shan ruwa ba. Da jaka a baya ku ƙara rabin lokacin, da yara kuwa ku ninka shi biyu, awa ukun ta koma shida.

A ƙiyasi, yaro ɗan shekara 6 zuwa 8 zai yi kilomita 5 zuwa 8 a yini ba tare da kuka ba, ɗan 9 zuwa 12 zai kai 8 zuwa 12. Gangara ba hutu ba ce. Gwiwa ta fi shan wahala a cikinta, kuma yawancin targaɗe da faɗuwa da yamma suke faruwa, lokacin da aka gaji ana sauri a isa zango. Ku tashi da sassafe, ku tsara isa masauki kafin ƙarfe uku na rana. Kafin a bar tanti, a yanke lokacin juyawa: idan ƙarfe kaza ta yi ba a kai mashiga ba, a koma, ko da ana hango ta.

Mene ne ciwon tsauni, kuma yaya ake kauce masa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Iskar da ke sama ba ta da nauyi kamar ta ƙasa. A mita 3,500, kowane numfashi yana kawo wa jiki kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na oksijin ɗin da yake samu a bakin teku. Jiki yana sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Daga mita 2,500 abin yake fara nunawa, galibi awa 6 zuwa 12 bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, kasala, jiri, barci marar daɗi. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum. Sau da yawa ma matasa 'yan motsa jiki ne ke fara kwantawa, don su ne ke hawa da gudu.

Ƙa'idar da likitocin tsauni suka yarda da ita ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a huta yini guda a wuri ɗaya. Tsayin wurin barci ake ƙirgawa. Ana iya hawa mashiga mai mita 4,200 da rana a sauko a kwana a 3,600, hakan ma yana taimakon jiki ya saba. Shi ya sa masu zuwa Gokyo ke kwana biyu a garin Namche Bazaar, a mita 3,440, kafin su ci gaba.

Idan alamun sun bayyana, ba a ƙara hawa. A zauna, a sha ruwa, a sha farasitamol ko ibuprofen don ciwon kai. In gari ya waye babu sauƙi, a sauka. Mita 300 zuwa 1,000 kan kawo bambanci a fili. Akwai alamu biyu da ba a jira musu wayewar gari. Na farko, mutum ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya bugu, ko maganarsa ta rikice, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya: ƙwaƙwalwa ce ke kumbura. Gwajin mai sauƙi ne, a ja layi a ƙasa a ce ya bi, dunduniyar ƙafa ɗaya tana taɓa yatsun ɗayar. Na biyu, haki alhali yana zaune, tari mai jiƙa, leɓe ya canza launi: ruwa ne ke taruwa a huhu. Duka biyun suna kisa cikin sa'o'i. A sauka nan take, ko da tsakar dare ne, kuma ba a tura marar lafiya ya sauka shi kaɗai.

Maganin acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, yana hanzarta sabon jiki. Manya kan sha miligiram 125 sau biyu a rana, farawa daga jajibirin hawa, amma likita ne zai rubuta shi. Yana sa yawan fitsari da jin kamar tsira allura a yatsu. Ba ya maye gurbin hawa sannu a hankali.

Yara fa? Daga shekara nawa?

Yara ba su fi manya saurin kamuwa da ciwon tsauni ba. Matsalar ita ce ƙaramin yaro ba zai ce kansa na ciwo ba. Sai dai ku ga ya daina wasa, ya ƙi cin abin da yake so, yana rigima ba dalili, yana farkawa da dare. A sama da mita 2,500, duk irin wannan canjin a ɗauke shi ciwon tsauni ne har sai an tabbatar da wani abin. Shawararmu, yaron da bai iya bayyana abin da ke damunsa ba, kada ya kwana sama da mita 2,500.

Yaron da aka goya a jakar baya yana cikin wani hatsarin na daban. Mai ɗauke da shi yana zufa, shi kuwa yana zaune ba motsi, ƙafafunsa na lilo a cikin iska. A riƙa taɓa hannunsa da ƙafarsa da bayan wuyansa kowane rabin awa, a ƙara masa sutura fiye da ta wanda ke tafiya.

Kowane yaro ya rataya usur a wuya, a koya masa cewa in ya ɓace ya tsaya inda yake ya yi ta busawa. A tafiya babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, ba wanda ke wuce na gaban.

Wa ya kamata ya ga likita kafin tafiya?

Mai ciwon zuciya, mai ciwon huhu, mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai ciwon suga, mai juna biyu. Mai asma galibi yana iya zuwa, amma iska mai sanyi na tayar da ita, don haka abin shaƙarsa ya kasance a aljihu, da na biyu a jakar wani. Mai cutar sikila bai kamata ya je wurare masu tsayi ba, domin ƙarancin oksijin, sanyi da bushewar jiki su ne ainihin abubuwan da ke tayar da ciwon. Ko mai rukunin jini AS, wanda bai taɓa jin komai ba, yana iya samun matsala a saifa a kan tsauni. Idan ciwo mai tsanani ya taso masa a saman ciki ta hagu, a sauko da shi a kai shi asibiti.

Wane shiri jiki ke buƙata?

Mako takwas zuwa goma sha biyu na tafiya sau uku a mako, da hawa da saukar matakala, ana ƙara nauyin jaka kaɗan kaɗan. A ƙarshe a yi doguwar tafiya kwana biyu a jere, don a ji yadda ƙafa take a rana ta biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya: takalmin da za a je da shi, da shi za a yi duk wannan atisayen.

Me za a saka, me za a ɗauka?

Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Idan ƙauyen da aka taso, a mita 1,000, yana digiri 25, tafkin da ke 3,500 zai kasance wajen digiri 9 da rana tsaka. Da dare iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a kwarin tafki, sai a wayi gari ruwan gora ya daskare ko a tsakiyar bazara.

Sutura hawa uku ake yi: ta ciki mai fitar da zufa, ta ulu ko ta roba, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare ruwa da iska. Auduga ba ta da amfani a nan, in ta jiƙe ba ta bushewa, tana zuƙe ɗumin jiki. Ku ware kaya kala ɗaya busassu na barci kawai, a ƙulle su a leda, kada a taɓa su da rana ko me ya faru. Hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa ta ulu guda uku, tabarau mai tare hasken rana har ga yara, da man kare fata, saboda hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowace mita 1,000, ruwa da ƙanƙara kuma suna maido shi fuska.

A jikin jakar barci akwai lambobi uku. Ta farko, wadda ke nuna sanyin da za a yi barci cikin daɗi, ita kaɗai za ku duba. Ta ƙarshe tana nufin sanyin da mutum zai kwana bai mutu ba, ba wai zai runtsa ba. Shimfiɗar ƙasa tana da muhimmanci kamar jakar, don ƙasa ta fi iska satar ɗumi. Yaro a cikin jakar babba yana jin sanyi saboda filin da ya rage, sai a ɗaure ƙasan jakar da igiya daidai tsawonsa.

Nauyin jakar babba kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa: mai kilo 70 ya ɗauki 14. Na yaro kashi ɗaya cikin goma, wato ruwansa, rigar ruwansa da abin taɓawa. Kaya masu nauyi su zauna kusa da gadon baya, a ɗaure bel ɗin ƙugu sosai yadda ƙugu zai ɗauki nauyin maimakon kafaɗa.

Ruwan tafkin tsauni ba mai tsabta ba ne?

Ido ne ke ganinsa garau. Inda makiyaya ke kiwo ko matafiya ke yada zango, akwai ƙwayoyin cuta masu sa zawo, irin su jiyardiya, wadda sai bayan mako ɗaya ko biyu take nunawa. Tafasawa ta fi komai tabbas: minti ɗaya yana ɓararraka, minti uku idan an wuce mita 2,000. Matatar ruwa ta hannu tana aiki, amma idan ruwan cikinta ya daskare da dare zarenta na fashewa ba tare da an gani ba, don haka a kwana da ita cikin jakar barci. Ƙwayoyin kulorin suna buƙatar aƙalla rabin awa, fiye da haka a ruwan sanyi. A ɗebi ruwa daga rafin da ke shiga tafki, sama da masauki. Ruwan da ya fito daga ƙanƙara kai tsaye, mai fari-fari kamar an zuba madara, garin dutse ne a cikinsa. A bar shi ya kwanta kafin a tace, in ba haka ba matata ta toshe. Babba yana buƙatar lita 3 zuwa 4 a yini. Launin fitsari ne ma'auni.

Abinci nawa, kuma wane iri?

Giram 600 zuwa 900 na busasshen abinci ga kowane babba a yini. A mita 3,000 ruwa yana tafasa a digiri 90, shi ya sa wake da shinkafa ke cin lokaci da gas. A ɗauki mai saurin nuna, kamar siririyar taliya da kuskus da alkamar kunu, tare da madarar gari, gyaɗa, busassun 'ya'yan itace da cuku. Tsauni yana kashe sha'awar abinci, don haka yara a ba su abin da suka saba, kaɗan kaɗan kowace awa. Ba a shiga jirgin sama da gwangwanin gas, sai an saya a can, kuma a tabbatar bakinsa ya yi daidai da murhun kafin a bar gari. Kada a kunna murhu a cikin tanti a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, ciwon kan da take sawa kuma yana kama da na ciwon tsauni.

Za a iya yin iyo?

A wurare da yawa, har da Rila da Triglav, an hana. Wasu tafkunan kuma, kamar Gokyo da Gangabal, masu tsarki ne ga mutanen wurin. Inda aka yarda ma, ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa mutum ya ja numfashi ba da son ransa ba a minti na farko, kuma cikin 'yan mintuna hannu da ƙafa su daina biyayya, ko da gwanin iyo ne. Yara su tsaya a tsoma ƙafa, babba na tsaye a gefensu. Gaɓar irin waɗannan tafkuna kan zurma farat ɗaya.

A ina ake kafa tanti?

Aƙalla mita 60 daga ruwa, a ɗan tudu, inda an riga an taɓa kafawa. Ba a ƙarƙashin gangaren da duwatsu suka zubo ba, ba kuma a busasshen kwazazzabo ba. Tafkunan da tarin ƙasa da dutse ya tare a gaban ƙanƙara suna iya ɓallewa, kamar yadda na Lhonak ta Kudu ya yi a jihar Sikkim ta Indiya a Oktoban 2023, don haka ba a kwana a bakin kogin da ke fita daga irinsu. Bayan gida a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, shi ma mita 60 daga ruwa, a rufe. Takarda da kunzugun yara a ƙulle a leda biyu a sauko da su, don sanyi ba ya bari su ruɓe. Wanke-wanke a ɗebo ruwa a yi nesa da tafki.

Hadari da tsallaka rafi fa?

A tsaunuka da yawa hadari da rana yake haɗuwa, shi ya sa ake so a haye mashiga kafin sha biyu. Idan kun ga walƙiya ku ƙirga har a ji tsawa: kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, a bar ƙololuwa, bakin ruwa da gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai, a watsu da ɗan tazara tsakanin juna, a jira rabin awa bayan tsawar ƙarshe.

Rafin da ƙanƙara ke ciyarwa ya fi ƙanƙanta da safe. Wanda kuka tsallaka a idon sawu da ƙarfe bakwai yana iya kai cinya da la'asar. A nemi inda ya yi faɗi, a kwance bel ɗin jaka, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, a dogara da sanda, kada a cire takalmi. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwar mafi gajarta a cikinku, a haƙura da shi. A fara haye da jakunkuna, sannan a dawo a riƙe yara ɗaya bayan ɗaya, babba yana ta sama yana karya ƙarfin ruwan.

Bororo a ƙafa, da sanyin da ya kama jiki?

Da an ji wuri ya fara zafi a dunduniya, a tsaya a manna filasta tun bai tashi ba. Minti biyar ne, amma yana ceton kwana uku. Sanyi kuwa ya fi kama mutum a ruwan sama da iska fiye da a cikin ƙanƙara. Makyarkyata, yatsu su kasa jan zik, magana ta yi nauyi: a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a sa shi a jakar barci a kan shimfiɗa, a ba shi abin sha mai ɗumi da suga idan yana cikin hayyacinsa. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, abin ya yi muni, a nemi ceto.

Sai da ja-gaba? Me za a tambayi kamfani?

Ga iyali a sama da mita 3,000, ko inda hanya ba ta da alama, ja-gaba da dabbobin dako sun cancanci kuɗinsu. Ku nemi a rubuto muku tsayin wurin kwana na kowane dare, ku gwada da ƙa'idar mita 500. Kamfanin da ya matse tafiyar kwana takwas cikin shida, kwanakin sabon jiki ya yanke. Ku tambayi matafiya nawa ke hannun ja-gaba ɗaya, wa zai raka wanda ya kasa idan sauran sun ci gaba, wane horon agajin gaggawa suke da shi, da irin sutura da wurin kwanan 'yan dako. In alfadarai sun zo wucewa a siririyar hanya, a tsaya ta ɓangaren dutse, ba ta ɓangaren rami ba.

Waya, izini da inshora?

A sauke taswira a waya tun ana da intanet, a riƙe ta takarda da kamfas. Sanyi yana shanye batir, don haka waya ta kwana a jikin mutum. Na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam tana da amfani inda babu sabis, amma Indiya ta hana shiga da irinta ba tare da izini ba, kuma ana kama mutane a filin jirgi a kan haka. Yawancin gandun daji suna buƙatar takardar izini, wasu da iyakar adadin mutane a rana. Takardar inshora a karanta ta da kyau: da yawa suna da iyakar tsayi, wasu ba sa biyan kuɗin jirgi mai saukar ungulu na ceto. A bar wa wani a gida jerin zangon kowane dare, da ranar dawowa, da lambar hukumar ceto ta yankin, da sa'ar da zai kira su idan bai ji daga gare ku ba.